Wane salon zane ya fi kwanta muku a rai, kuma daga ina ilhama take zuwa muku?

Yar_Gawayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau dai na ce bari in kawo shi gabanku.

Shekara shida ke nan ina zana fuskokin mutane da fensir da gawayi. Nakan ɗauko hoto in raba shi gida-gida da rula, in raba takardata haka, sannan in bi gida bayan gida har in kai ƙarshe. Gashin gira ma ɗaya-ɗaya nake ja. Zane guda yakan ci mini kwana goma. In na gama, duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, kamar hoto!" Da can wannan magana takan sa in kwana da murna. To makon jiya na shimfiɗa zane goma sha biyu a ƙasa, na tsaya a kansu ina kallo, sai gabana ya faɗi. In aka goge sunana daga gindin takardun nan, babu wanda zai ce hannuna ne, har ni kaina. Mai kyamara ne ya zaɓi hasken, shi ya zaɓi inda mutumin zai kalla, ni kwashewa kawai na yi.

Shi ya sa nake tambaya: wane salo ne ya fi kwanta muku a rai, kuma me ya ja ku zuwa gare shi? Sannan in kun zauna gaban farar takarda, daga ina abin yake zuwa muku?

Fensir2B:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki raina baiwar da Allah ya yi miki. Ni ma salon nan nake yi, kuma ba na jin akwai ranar da zan bar shi. Babu abin da ya kai mini daɗin lokacin da na gama cike ƙwayar ido da baƙi, na fere kilina ta yi tsini, na ɗiga farin nan guda ɗaya a gefe, sai kawai in ga mutum ya farka yana kallona daga cikin takarda. Kuma gaskiya ɗaya ce, da yawan masu cewa sun wuce zanen kamar-hoto ba wucewa suka yi ba, gagarar su ya yi.

Ummi_Ruwa:
Ni fentin ruwa. Dalili kuwa shi ne ba ya jin magana. Ki jiƙa takarda, ki taɓa ta da burushi mai shuɗi, sai launin ya bazu inda ya ga dama, ke kuma ki bi shi ki ga abin da zai ba ki. Ilhama ta kan zo mini ne daga sararin sama, musamman in hadari ya haɗo.

Baba_Mai_Fenti:
'Yata Yar_Gawayi, damuwarki ta girme ki, ta girme ni. Tun shekarar 1839 da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa masu zane suka fara tambayar kansu irin tambayarki: tunda ga na'ura tana kwashe kamanni, mu kuma mene ne aikinmu?

Salon da na fi ƙauna amsa ce ga wannan tambaya, wato salon su Claude Monet na Faransa, wanda ake kira Impressionism. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko hoton da na ambata. Na biyu ƙaramin abu ne da ba a cika kula da shi ba: a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kwano da ake matse fenti daga ciki. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, in an huda ta sai ya bushe ko ya zube. Da bututu ya samu, sai mai zane ya iya ɗaukar kayansa ya fita fili ya zauna gaban abin da yake zanawa, rana tana dukan sa.

Da suka fita sai suka ga abin da ɗaki ya ɓoye musu. Inuwa ba baƙa ba ce. Ki fita da la'asar sakaliya ki dubi inuwar bishiya a kan farin bango, ki daure ki yi minti biyar kina kallo, za ki ga shuɗi-shuɗi da shunayya a cikinta. Monet ya zana tarin dammunan hatsi kusan sau ashirin da biyar tsakanin 1890 da 1891, tarin dai iri ɗaya, amma da safe daban, da yamma daban, cikin dusar ƙanƙara daban. Hasken yake bi. Sunan salon ma daga zanensa na fitowar rana a tashar jiragen ruwan Le Havre, mai suna Impression, aka samo shi, wanda aka nuna a Faris a 1874, wani ɗan jarida ya ari sunan zanen don ya yi musu ba'a, su kuma suka riƙe shi.

Shekara talatin da wani abu ina koyar da zane, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibi shi ne ya ajiye baƙin fenti wata uku.

Fensir2B:
Baba, da girmanka, amma in ka matsa kusa da zanen Monet ba ka ganin komai sai dabbare-dabbaren fenti.

Baba_Mai_Fenti:
Haka ne ɗana. Ja da baya taku biyar. Idonka ne zai haɗa launukan, shi ya sa suke da rai fiye da in an cakuɗa su tun a faranti.

MalamKamfas:
Ni ban zana mai rai, tun farko na zaɓar wa kaina haka, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. Kamfas da rula su ne kayan aikina. Ga wanda bai taɓa gwadawa ba: ja da'ira, kada ka sauya buɗin kamfas ɗin, ka kafa tsininsa a bakin da'irar ka ja wata, ka koma inda suka gitta ka sake ja. Kafin ka ankara da'ira shida sun kewaye ta farko daidai wa daida, fure mai ganye shida ya fito a tsakiya. Daga nan tauraro mai tsini shida, daga shi mai goma sha biyu, kana iya cike bango guda ba ka auna komai da lamba ba. Ranar da na fara ganin da'ira ta shida ta faɗa daidai inda ta farko ta tashi, sai da tsigar jikina ta tashi.

Haka rubutun Larabci. Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a 940, shi ake jingina wa tsarin auna haruffa da ɗigon alƙalami: tsawon alifi ɗigo kaza ne, sauran haruffa kuma a auna su da alifin da da'irar da ta kewaye shi. To ni ilhama a wurina tana cikin ƙa'ida. In aka ɗaure ni da doka, a nan basira take buɗewa.

Dan_Katun:
Malam, abin da ka faɗa ya tuna mini Escher, ɗan ƙasar Holan. Ya je fadar Alhamra da ke Garanada a Sifen a 1922, ya sake komawa a 1936, ya zauna yana kwafe adon tayil ɗin bangon cikin littafinsa. Da ya koma gida sai ya ɗauki tsarin ya mai da shi tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru masu shiga juna ba tare da barin ko ɗan fili ba. Lissafin na magina Musulmi ne, dabbobin nasa ne.

Ni dai katun nake yi, irin na Japan ya fi tasiri a kaina. Kuma daga mutane nake samun komai. Ina da ɗan littafi a aljihu, duk inda aka sa ni jira sai in ciro shi. Yadda mai jin barci yake riƙe kansa, yadda mai fushi yake naɗe hannu. Daƙiƙa talatin kacal, layi biyar ko shida.

Hajiya_Shudi:
Fensir2B, maganarka ta farko ta tsaya mini a wuya, sai na amayar da ita. Ka ce gagara ce take sa mutane barin zanen kamanni. Je ka nemi zanen da Picasso, mashahurin mai zanen nan ɗan Sifen, ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar, ka ga ko akwai abin da ya gagare shi. Matisse, mai zane ɗan Faransa, kuma da ciwo ya kwantar da shi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, almakashi ya ɗauka yana yanka takardu masu launi daga kan keken marasa lafiya, kuma waɗannan ayyuka suna cikin mafiya ƙarfi da ya bari. Mutum yakan rage layi ne bayan ya san wanda zai iya ragewa.

Ni zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai nake yi. Launi da layi kawai. Lokacin da mahaifiyata ta rasu na yi wata huɗu ban iya zana fuska ba, ko wace fuska na fara sai ta koma tata in fashe da kuka. Sai na ɗauki ƙyalle babba na dinga shafa shuɗi a kan shuɗi, mai duhu a kan mai haske, in bari ya bushe in ƙara. Sau goma sha ɗaya. A can ƙasa na bar wani siririn layi ruwan ƙasa. Wata baƙuwa da ba ta san komai game da ni ba ta tsaya gabansa ta daɗe, ta juyo ta ce, "Wa kika rasa?"

Fensir2B:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Hajiya, na janye kalmar gagara, na yi saurin baki. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa a fara koyon kamanni kafin a bar shi.

Hajiya_Shudi:
Amin, na gode ƙanena. A wannan kam ba mu da saɓani.

Sabon_Hannu:
Ni sabo ne, wata takwas da farawa. Tambayata: laifi ne in kwaikwayi zanen wani? Wani ya gaya mini duk mai kwafe ɓarawo ne, manyan masu zane daga kansu suke fitar da komai.

Tawada_da_Alkalami:
Wanda ya gaya maka haka bai san tarihin abin ba. Van Gogh, mai zane ɗan Holan, a 1887 ya ɗauki ayyukan Hiroshige na Japan guda biyu, na gada cikin ruwan sama da na bishiya mai fure, ya sake zana su da fentin mai. Da yake jinya a asibitin Saint-Rémy kuma ya kwafi ayyukan Millet, mai zane ɗan Faransa, da dama, manoma da masu shuka, yana sa musu launukansa. Bai ɓoye ba. Sata ita ce ka kwafa ka ce naka ne, ko ka sayar a matsayin naka. In don koyo ne, rubuta a ƙasa cewa daga aikin wane ka ɗauko, shi ke nan. Da koyo akan iya.

Ummi_Ruwa:
Tunda an ambaci Japan, zanen igiyar ruwan nan na Hokusai shi ne a fuskar wayata. Kullum ina mamakin yadda ya ja kumfar nan da burushi kamar farata.

Dan_Katun:
Anti Ummi, ƙaramin gyara: bugu ne, ba fentin burushi ba. Shi ya zana a takarda, masassaƙa suka sassaƙa a katako, kowane launi da nasa katakon, sannan aka dinga bugawa da yawa. Wajen 1831 ne, yana da kimanin shekara saba'in. Yana cikin jerin ayyukansa na dutsen Fuji, in kin duba da kyau za ki ga dutsen can nesa, ƙarami, a ƙarƙashin igiyar.

Ummi_Ruwa:
Ikon Allah, shekara biyu ina kallon sa ina ɗaukar dutsen nan wata ƙaramar igiya ce. Na gode.

Bakin_Alli:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ana ta kiran Picasso da Matisse kamar daga sama abin ya faɗo musu. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Faris ya ga sassaƙe-sassaƙen fuska na Afirka, a shekarar kuma ya yi zanen matan nan biyar da ake cewa ya sauya alƙiblar zanen Turai. Sunansa kowa ya sani. Waɗanda suka sassaƙa abin da ya gani fa? Ko sunan mutum ɗaya ba a rubuta ba. Wannan abu yana yi mini ciwo. Tawada_da_Alkalami ya ce a rubuta daga wurin wa aka ɗauko, to su wa ya rubuta?

Tawada_da_Alkalami:
Ba ni da ja a kan wannan, ɗan'uwa. Kuma shi ya sa mutumin da na fi so a duk masu zane shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. Yar_Gawayi, ki karanta wannan da kyau, don labarinsa ya yi kama da naki.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai koyar da Alƙur'ani. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya ƙware a salon Turawa. Da ya dawo gida ya baje kolin ayyukansa, sai ya ga mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Bai ce jahilai ne ba. Ya koma ya dubi abin da ya tashi yana gani: harafin Larabci, adon da ake yi wa allo, jinjirin wata. Ya dinga jan harafi yana buɗe shi har siffofi suka fara fitowa daga cikinsa.

A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba tare da shari'a ba. A can yakan sami guntayen takardar buhun siminti ya yi ƙananan zane a ɓoye, ya binne su cikin rairayi don kada masu gadi su gani. Bayan ya fito, wannan ɗabi'a ta zama salonsa: ya fara da ƙaramar takarda guda, ya ƙara wata a gefenta, zanen ya yi ta yaɗo har ya zama babba. Daga baya ya yi jerin ayyuka a kan bishiyar da suke kira haraz, wadda ita ce gawo, mai zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. A 2013 gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. In kin ga layinsa sau ɗaya, ko ba suna za ki gane shi.

Baba_Mai_Fenti:
Madalla da wannan. Irin tunanin ne ya sa wasu ɗalibai a kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce za su riƙe dabarun da malamansu Turawa suke koya musu, amma su haɗa da abin da suka gada. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, layinsa ya sauya gaba ɗaya. Grillo kuma duk wanda ya san aikinsa ya san shuɗinsa.

Pixel_Arewa:
Ni a kwamfuta nake zane, kuma in faɗi gaskiya abin da yake hana ni barci yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya rubuta jimla ɗaya, cikin daƙiƙa kaɗan ta fito masa da hoto a salon duk wanda ya ambata. To wahalar neman salon kai ta mece ce, in gobe na'ura za ta haɗiye shi?

Hajiya_Shudi:
Tana iya kwaikwayon shuɗina. Ba ta san dalilin da ya sa na shafa shi sau goma sha ɗaya ba, kuma ba ita za ta yanke shawarar barin layin nan na ƙasa ba.

Pixel_Arewa:
Hajiya, ke kin sani, amma mai ba da aiki ba ruwansa da dalili. Ayyuka biyu na rasa a bana saboda haka.

Bakin_Alli:
Kuma da ayyukan mutane aka horar da ita ba tare da an tambaye su ba. Maganata ta ɗazu ce ta dawo da sabuwar riga.

Mai_Kula:
Jama'a, batun na'ura babba ne, a buɗe masa zaurensa daban. 'Yar'uwarmu tambaya biyu ta yi, ta biyun ba ta sami amsa sosai ba: in kun zauna gaban farar takarda, daga ina abin yake zuwa?

Dan_Katun:
Ni ba na yarda in zauna gaban farar takarda hannu rabbana. Littafin aljihuna nake buɗewa. Ilhama ba ta taɓa samu na ina zaune ina jiran ta ba, sai dai ta tarar ina aiki.

MalamKamfas:
Bayan asuba, kafin kowa ya tashi. In na ja da'irar farko, sauran suna biyowa.

Baba_Mai_Fenti:
Leonardo da Vinci ya shawarci masu koyo su riƙa kallon tabon da ke jikin tsohon bango, su nemo duwatsu da koguna da fuskoki a ciki. Na gwada da ɗalibaina shekaru da yawa, yana aiki. El Anatsui kuma, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, murafen kwalabe da aka zubar ya tarar, ya baje su ya ɗinke da wayar tagulla, suka zama manyan ayyuka masu naɗewa kamar zane. Dubban mutane sun wuce irin murafen nan ba su ga komai ba.

Sabon_Hannu:
Ni waƙa nake sawa a kunne. In babu sauti hannuna yakan sandare.

Ummi_Ruwa:
Ni kuwa ko ƙarar fanka ba na so.

Yar_Gawayi:
Na gode ƙwarai, na karanta komai, wasu har sau biyu. Daren jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye waya da rula, na roƙi kakata ta zauna kusa da fitila, na zana hannuwanta a kan cinyarta tana jan carbi. Ba ta iya zama shiru, yatsun suna ta motsi, don haka dole na yi sauri, minti ashirin na gama. Hannuna har rawa yake. Yatsun sun fi nata tsawo, babban yatsan hagu ya karkace, gefe guda kuma baƙi ƙirin ne don fitilar ba ta kai can ba, na shafe shi da tafin hannuna. Jijiyoyin bayan hannun ne kawai na tsaya na bi a hankali, don su na fi sani tun ina yarinya. Da na nuna mata ba ta ce kamar hoto ba. Ta dubi takardar, ta dubi hannunta, ta ce, "Ashe haka na tsufa."

Ban san ko salo ne wannan ba. Na ajiye shi kusa da sauran goma sha biyun, shi nake ta komawa ina kallo.

Fensir2B:
Ma sha Allah. Amma ki gyara tsawon yatsun. Ki miƙa hannu da fensir, ki rufe ido ɗaya, ki auna yatsan tsakiya da tafin, kusan tsawonsu ɗaya ne.

Baba_Mai_Fenti:
Kada ki taɓa shi, 'yata. Awon da ya koya miki daidai ne, ki yi amfani da shi a na gaba. Wannan ki rubuta masa kwanan wata ki bar shi yadda yake. Ki sake zana hannun nan sau goma, a haske daban-daban, sannan ki dawo ki nuna mana.

Hajiya_Shudi:
Ni ina ganin tsawon nan ba kuskure ba ne. Haka idonki ya gan su.

Fensir2B:
Hajiya, in da gangan ta yi na yarda. In hannu ne ya kuɓuce, gara ta sani.

Yar_Gawayi:
Zan yi goman in sha Allah, Baba. Kafin nan, gawayin yana ta kakkaɓewa daga inda na shafa da hannu, har ya fara ɓata farin gefen. Da me kuke kama shi? Kuma in na fesa, baƙin zai dushe ne ko zai ƙara duhu?